Takardu, Hotuna, Alƙaluma ko Muhawara: Da Me Za Ka Koya wa Ɗalibai Auna Hujjojin Gyaran Zamanin Masana'antu?

Malamin tarihin da manhaja ta kawo shi babin juyin masana'antu da gyare-gyaren da suka biyo bayansa yakan shiga tsaka mai wuya. Makonnin da aka ware kaɗan ne, dokoki kuma ga su nan reras. A Birtaniya akwai ta 1802, da ta 1819, da ta 1833, da ta 1842, da ta 1847. A Jamus akwai dokokin inshorar ma'aikata na shekarun 1880. A Amurka akwai doguwar gwagwarmayar hana aikin ƙananan yara, wadda ba ta kai gaci a matakin tarayya ba sai 1938. Bayan wannan duka ana so ɗalibi ya fita daga ajin yana iya ɗaukar tsohuwar shaida ya ce ga nauyinta, ga kuma inda ta gaza. Kayan aikin da malami zai dogara da su ba su wuce biyar ba: littafin karatu, takardun asali na zamanin, hotuna da zane-zane, alƙaluma, sai muhawarar da ɗalibai ke tsayawa a matsayin mutanen da. Zango ɗaya ba zai ɗauki dukkansu daidai wa daida ba. Dole ɗaya ya zama ginshiƙi, sauran su zama 'yan rakiya.

Wannan babi yana da matsala tasa ta kansa, wato tausayi. Ɗalibin da ya karanta bayanin yarinya 'yar shekara 8 da ke wuni cikin duhun ramin kwal tana gadin ƙofar iska, zuciyarsa za ta karye. Daga nan duk wanda ya yi magana da yawun yaran mai gaskiya ne a wurinsa, duk wanda ya ja kuma maƙaryaci ne. Idan malami ya nuna masa cewa masu neman gyaran ma suna da manufa, sai ya koma ɗaya gefen ɗungurungum: ai kowa son zuciyarsa ya faɗa, babu abin yarda. Duka biyun gudun aiki ne. Akwai kuma ruɗani na uku da ba a cika lura da shi ba. Hujjar cewa an sha wahala daban take da hujjar cewa doka ta kawo sauƙi. Yawancin abin da ake miƙa wa ɗalibai irin na farkon ne, alhali tambayar da ta fi nauyi a babin tana kan na biyun.

## Ma'aunan zaɓi

Abu huɗu zan auna kowace hanya da su. Na farko farashi: kuɗin takarda da bugawa da data, da kuma sa'o'in da malami zai ɓata wajen shiri, wanda shi ne tsadar da ba a rubuta ta a kasafin kowace makaranta. Na biyu ɗorewa, kuma fuska biyu gare ta: shin kayan za su yi amfani baɗi da baɗin baɗaɗa, shin kuma basirar za ta zauna wa ɗalibi har ya yi aiki da ita a wani babi ba tare da an umarce shi ba? Na uku sauƙi, wato nauyin harshen, da girman aji, da buƙatar na'ura. Na huɗu haɗari: wace gurguwar fahimta ɗalibi zai iya ɗauka idan hanyar ta karkace.

Basirar da ake nema kuwa sananniya ce. A 1991 Sam Wineburg, masanin ilimi a Amurka, ya ba ƙwararrun masana tarihi 8 da haziƙan ɗaliban sakandare 8 takardu iri ɗaya, ya ce kowa ya karanta yana faɗin abin da ke zuwa masa a rai. Masanan kusan kullum sukan fara da duba wanda ya rubuta takardar da lokacin da ya rubuta, kafin su shiga cikinta. Ɗaliban kuwa daga layin farko suke kamawa, kuma da aka ce a jera takardun bisa aminci, sun ɗora littafin karatu a sama, masanan suka ajiye shi can ƙasa. Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san wannan tarbiyya, domin ana bin isnadi kafin a ɗora hukunci a kan matani. Tambayoyin su ne: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me yake nema, wa ya gaskata shi.

## Littafin karatu

Shi ne mafi araha idan makaranta ta riga ta mallake shi, yana shekaru ana amfani da shi, ba ya kuma buƙatar wani shiri. Wajen ba ɗalibi jerin shekaru da sunaye babu kamarsa, kuma wanda bai san cewa dokar 1833 ta riga ta 1847 ba, ba zai auna hujjar komai ba.

Amma araha ba ta ado. Littafin karatu yana magana da murya ɗaya, ya ɓoye inda ya samo labarinsa, kuma yakan tsara babin kamar matakala: an ga wahala, mutanen kirki sun tashi, an yi doka, an huta. Labarin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, kaɗai ya isa ya girgiza wannan tsari. Mutumin da ya kawo inshorar lafiya a 1883, da ta haɗarin aiki a 1884, da ta tsufa a 1889, shi ne wanda ya sa aka haramta ƙungiyoyin 'yan gurguzu a 1878, kuma bai ɓoye cewa yana so ya janye ma'aikata daga bin su ba. Ruwa ba ya tsami banza. Littafin da ya jera dokokin uku bai ambaci ta 1878 ba, ya koya wa ɗalibi rabin magana a matsayin cikakkiya. A ganina littafin karatu bai cancanci zama ginshiƙi ba, sai dai a mayar da shi abin bincike: a ɗauki sakin layi ɗaya a tambayi aji, wace shaida marubucin zai buƙata kafin ya faɗi haka?

## Takardun asali

A nan babin yake da arzikin da 'yan babuka kaɗan ke da shi, domin shaidun da suka saɓa wa juna suna nan a rubuce, a shekara kusan ɗaya, a kan magana ɗaya.

A 1832 Michael Sadler, ɗan majalisar Birtaniya mai fafutukar a rage aikin yara zuwa sa'o'i 10, ya shugabanci kwamitin da ya saurari ma'aikatan masaƙu. Cikin waɗanda suka ba da shaida akwai Elizabeth Bentley, 'yar shekara 23, wadda ta ce ta fara aiki a wata masaƙa a Leeds tana da shekara 6, kuma idan aiki ya yi yawa sukan kama daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 9 na dare. Bayani ne mai tsuma rai. To amma ɗalibin da ya iya tambaya zai hango abubuwa da dama. Shugaban kwamitin shi ne mai ƙudirin dokar. Da yawa daga cikin tambayoyin an gina su ne ta yadda amsar tana ciki, sai dai mai shaida ya ce e. Bentley tana ba da labarin abin da ya fara tun shekara 17 baya. Sannan an rushe majalisa kafin a saurari ɓangaren masu masaƙu, Sadler kuma ya faɗi zaɓe a Leeds a Disamban 1832, aka buga shaidun ɓangare ɗaya kawai. Har Friedrich Engels, marubuci ɗan gurguzu wanda babu mai zarginsa da son masu jari, ya yarda a 1845 cewa rahoton ya karkata.

Da a nan labarin ya tsaya, da ɗalibi ya yar da rahoton ya kama gabansa. Amma a 1833 aka kafa wata hukumar bincike, bisa matsin masu masana'antu, wadda masu fafutukar sa'o'i 10 suka ɗauka dabarar ɓata lokaci ce, har suka yi mata bore a garuruwan arewacin Ingila. Edwin Chadwick, mai fafutukar gyaran rayuwar jama'a, na cikin jagororinta. Wannan hukuma ta sassauta wasu zarge-zargen, amma ta kammala da cewa yara suna yin sa'o'i daidai da manya, jikinsu yana lalacewa, ba sa samun karatu, kuma akwai dalilin yin doka. Ga darasin da ya fi kowanne tsada a babin: idan wanda ake zaton zai ƙaryata ka ya gaskata ka, wannan ɓangaren na maganarka ya yi ƙarfi ƙwarai, ko da kana da manufa. Ɗalibin da ya ɗora takardun nan biyu gefe da gefe ya gano haka da kansa, ya kuɓuta daga saurin yarda, ya kuma kuɓuta daga ƙin yarda da kowa.

Takardu ne kuma kaɗai ke buɗe tambayar ko dokar ta yi aiki. Dokar 1833 ta hana ɗaukar yaran da ba su kai shekara 9 ba a mafi yawan masaƙu, ta taƙaita aikin 'yan 9 zuwa 13 a sa'o'i 48 a mako, ta wajabta musu karatun sa'o'i 2 a rana. A takarda abin ya yi kyau. Sufetoci nawa aka naɗa su tabbatar da ita a duk faɗin ƙasar? Huɗu. Yaya ake sanin shekarun yaro? Rajistar haihuwa ta gwamnati ba ta fara a Ingila ba sai 1837, saboda haka likita ne ke duban yaro ya ce ya yi kama da ɗan shekara kaza, iyaye matalauta kuma suna da dalilin ƙara wa ɗansu shekaru. Idan aka gurfanar da mai masaƙa, sau da yawa alƙalin yankin ɗan uwansa ne a sana'a, tarar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Rahotannin sufetoci irin su Leonard Horner cike suke da irin wannan koke. Haka dokar sa'o'i 10 ta 1847: masu masaƙu suka ƙirƙiro aikin karɓa-karɓa, ana sallamar ma'aikaci a dawo da shi a cikin wuni ɗaya ta yadda ba mai iya lissafa sa'o'insa, kotu kuma ta halatta hakan a 1850, sai da aka sake doka a shekarar aka ƙayyade lokacin buɗewa da rufewa.

Farashin wannan hanya a kuɗi ƙanƙane ne. Muhawarorin majalisar Birtaniya tun daga 1803 suna intanet kyauta, haka kuma gidan adana takardun ƙasar yana da shafukan da aka tanada don makarantu. Shafi biyu ko uku ga kowane rukunin ɗalibai sun wadatar. Tsadar tana kan malami a shekarar farko: zaɓe, da yankewa, da sauƙaƙa Ingilishin ƙarni na 19, wanda ko 'yan asalin harshen yana ba su wuya. Bayan haka tarin takardun zai yi shekaru yana aiki, kuma basirar da yake shukawa ita ce mafi zama. Haɗarinsa biyu ne. Na farko, malami ya tara takardu goma sha biyu ya nutsar da aji; uku ko huɗu masu karo da juna a kan tambaya ɗaya sun fi. Na biyu, wajen yankewa da sauƙaƙawa malami ya zama shi ne mai karkatar da shaidar. Maganinsa a rubuta a saman kowace takarda wanda ya yi ta, da shekarar, da cewa an taƙaita, a kuma ajiye cikakkiyar ga mai son gani.

## Hotuna da zane-zane

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a aji haka abin yake: hoto ɗaya yakan farkar da ɗaliban da shafi goma ba su motsa ba. Ba ya buƙatar ƙwarewar harshe, saboda haka ɗalibi mai rauni a karatu yana shiga tattaunawa kafaɗa da kafaɗa da gwani. Kayan ma suna da yawa. Lewis Hine ya fara ɗaukar hotunan yara ma'aikata a Amurka a 1908, kuma fiye da 5,000 daga cikinsu suna ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar, ana samunsu kyauta ta intanet, yawancinsu da bayanin wuri da shekara da ya rubuta da kansa.

Sai dai a wannan babi gani ba ya korar ji, yana buƙatar a ji wa ya riƙe kyamarar. Hine ma'aikaci ne na kwamitin yaƙi da aikin yara da aka kafa a 1904. Yakan shiga masana'antu da basaja, wani lokaci a matsayin mai duba matakan kashe gobara, wani lokaci mai tallan littattafai, yana auna tsawon yaro da maɓallan rigarsa. Wannan bai mayar da hotunansa ƙarya ba. Shi da kansa ya gargaɗi jama'a cewa ko da hoto ba ya ƙarya, maƙaryaci yana iya ɗaukar hoto, kuma saboda haka ne yake tsananta wajen rubuta bayani. Amma an aike shi ne ya nemo wani abu, kuma shi ya nemo. Jacob Riis, wanda ya wallafa hotunan unguwannin talakawan New York a 1890, yakan faɗa wa mutane cikin dare da hasken hoda suna barci, ba sallama ba izini, rubutun da ya haɗa da hotunan kuma yana ɗauke da raini ga wasu ƙabilun baƙi. A Landan kuwa, a 1877, an binciki Dakta Barnardo mai gidajen marayu, aka samu cewa wasu hotunansa na yara kafin a cece su da bayan an cece su shiryawa aka yi.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, wanda ya kamata kowane malami ya kiyaye: a ɗora hoton Hine a darasin dokar 1833. Ba a bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya ba sai 1839. Tsakanin yaran Sadler da yaran Hine akwai kimanin shekara 75 da kuma teku. Abin da ake da shi na shekarun 1830 da 1840 zane ne, kuma fitattun su ne na rahoton 1842 kan yara a ramukan kwal, inda aka zana mata da yara suna jan kwal da sarƙa a ƙugu. Zanen sun girgiza ƙasar, dokar da ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 shiga ƙarƙashin ƙasa ta fito a shekarar. Tambaya mai kyau ga aji ita ce: wahalar ce ta fi tayar wa masu karatu hankali, ko ganin mata cikin ƙarancin sutura suna aiki tare da maza? Shaidun zamanin sun nuna duka biyun sun yi tasiri.

Farashin hotuna ya dogara da abin da ke ƙasa. Inda akwai majigi da wuta kusan kyauta ne. Inda babu, bugu mai kyau yana da tsada, bugu maras kyau kuma yana shafe ƙananan abubuwan da ake son ɗalibi ya gani. Hoton yana zama a ƙwaƙwalwa, amma basirar tuhumarsa ba ta zama sai an yi ta maimaitawa. Raunin da ba shi da magani shi ne hoto yana nuna wahala, ba ya nuna ko doka ta rage ta.

## Alƙaluma

Wannan hanya ita aka fi gudu, kuma ita ta fi dacewa da tambayar ko an samu sauyi. A rahotonsa na 1842 kan tsaftar mazaunan talakawa, Chadwick ya kawo jadawalin da har yau ake kwafa: matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen leburori 17 ne a Manchester, 15 a Liverpool, 38 a karkarar Rutland, a gidajen masu hali kuwa 38 a Manchester, 52 a Rutland. Ɗalibi zai karanta ya ce lebura a Manchester yana mutuwa yana ɗan 17. Ba haka ba ne. Mutuwar jarirai ce ta ja lissafin ƙasa, domin fiye da rabin yaran leburorin birnin ba sa kai shekara 5. Sannan birnin da matasa ke kwarara cikinsa neman aiki dole matsakaicin shekarun mamatansa ya yi ƙasa da na ƙauyen da tsofaffi suka fi yawa. Masana lissafi na zamaninsa sun yi masa wannan gyara. Duk da haka birane sun fi kisa da gaske, kuma rahoton ya share hanyar dokar lafiyar jama'a ta 1848. Ga misalin mutumin da ƙarshen maganarsa daidai ne, ma'auninsa kuma da gyara.

Ƙidayar Amurka ma tana da nata darasin. A 1900 yara kimanin miliyan 1.75 'yan shekara 10 zuwa 15 ne aka rubuta suna aiki, wato kusan 18 cikin 100. Kafin 1930 adadin ya sauko ƙasa da 5 cikin 100, alhali dokar tarayya ta 1916 kotun ƙoli ta soke ta a 1918, wadda ta tsaya kuma sai 1938. To me ya rage aikin yaran? Dokokin jihohi, da tilasta zuwa makaranta, da ƙaruwar albashin iyaye, da injunan da suka daina buƙatar ƙananan hannaye, duk suna da rabo, kuma masana na jayayya kan girman rabon kowanne. A ƙara da cewa ƙidayar 1920 a watan Janairu aka yi ta, lokacin da aikin gona ya kwanta, sai ɗalibi ya ga yadda ranar ƙirga kaɗai ke sauya sakamako.

Babu abin da ya kai wannan araha: allo da alli sun isa, jadawali ɗaya kuma zai yi ta aiki har malami ya yi ritaya. Wahalarsa ita ce malamin kansa sai ya fahimci lissafin sarai kafin ya shiga aji. Haɗarinsa kuma shi ne kwarjinin lamba. Ɗalibin da zai tuhumi mai shaida ba ya tunanin tuhumar jadawali.

## Muhawara da zaman kotu na kwaikwayo

Ɗalibai suna son wannan, kuma ba sa mantawa da ranar. Shari'ar gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle a New York ta dace da ita sosai. A ranar 25 ga Maris 1911 mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙin haure. Aka gurfanar da masu kamfanin, Isaac Harris da Max Blanck, kan zargin kulle ƙofa. Lauyansu Max Steuer ya sa wata da ta tsira, Kate Alterman, ta maimaita labarinta sau da dama, ta kuma maimaita shi kusan kalma da kalma, sai ya nuna wa masu taya alƙali hukunci cewa haddacewa aka sa ta yi. Aka sallami mutanen biyu. Shin shaidar da aka yi wa bita ta zama ƙarya? Aji zai iya cinye sa'a guda a kan wannan tambaya ba tare da gajiya ba, kuma bayanan shari'ar suna cikin taskar da jami'ar Cornell ta ɗora a intanet.

Amma hanyar tana cin lokaci fiye da kowacce: darasin shiri, darasin zaman, darasin warware abin da ya faru. A babban aji mutum goma ne ke magana, sauran 'yan kallo. Mafi muni, muhawara tana koya wa ɗalibi ya nemo abin da zai kare ɓangarensa ya danne saura, wanda kishiyar aikin masanin tarihi ne, kuma mai kaifin baki yakan kayar da mai hujja. Idan za a yi, a shimfiɗa sharaɗi cewa babu mai faɗin abin da ba ya cikin takardun da aka raba, kuma a ƙarshe kowa ya ajiye matsayin da aka ba shi ya rubuta hukuncinsa na kansa. Ma'ana, muhawara ba ta tsayawa sai a kan takardu.

Sakin ɗalibai su yi ta lalube a intanet ban lissafa shi cikin hanyoyin ba. Abin da sukan dawo da shi guntayen shaidu ne da aka yanke musu suna da shekara, wato an cire ainihin abin da ake so su koyi dubawa.

## A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Farashi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Littafin karatu | Ƙasa ƙwarai | Kaya na daɗewa, basira ba ta shiga | Mai sauƙi | Murya ɗaya, haddar labari |
| Takardun asali | Kuɗi kaɗan, shiri mai yawa a shekarar farko | Mafi ɗorewa ta fuska biyun | Harshe mai nauyi | Cika aji da takardu, karkata wajen yankewa |
| Hotuna da zane | Ya danganta da na'ura ko bugu | Hoto na zama, tuhuma na gushewa | Mafi sauƙin shiga | Yarda da ido, cakuɗa zamani da wuri |
| Alƙaluma | Kusan kyauta | Mai ɗorewa | Sai malami ya ƙware | Ɗaukar lamba kamar ba ta kuskure |
| Muhawara | Lokaci mai yawa | Ana tuna ranar fiye da darasin | Wuya a babban aji | Kare ɓangare maimakon auna hujja |

## Wa ya dace da wanne

Malamin da ke da makonni uku ko huɗu da ɗaliban manyan azuzuwan sakandare, takardu ne ginshiƙinsa. Ya ɗauki tambaya ɗaya, misali ko dokar 1833 ta kare yara, ya haɗa shaida ɗaya daga kwamitin Sadler, da sakin layi daga hukumar 1833, da tanadin dokar, da koken wani sufeto. Littafin karatu ya zama na karantawa a gida don jerin shekaru.

Mai cunkoson aji, ba wuta ba injin bugawa, ya kama alƙaluma. Jadawalin Chadwick a allo, da gajerun shaidu biyu da za a karanta da baki a rubuta sunan mai su da shekarar a sama, za su yi aikin da ake buƙata ba tare da an kashe ko sisi ba.

Mai ƙananan ɗalibai, ko waɗanda Ingilishi ke yi wa nauyi, ya fara da hotunan Hine tare da bayanan da ke ƙarƙashinsu, ya riƙe babin a Amurka ta farkon ƙarni na 20 don kada zamani ya cakuɗe. Tambaya uku sun ishe su: wa ya ɗauka, wa ya aike shi, me ke wajen hoton da ba mu gani ba.

Sabon malami kada ya fara da muhawara. Ya bari sai shekarar da tarin takardunsa ya nuna, ya kuma san inda ɗalibai ke tuntuɓe. Wanda ya riga ya kai nan, kuma ajinsa bai wuce mutum talatin ba, shari'ar Triangle za ta yi masa kyakkyawan rufin babi.

Masu shirin jarrabawar da ke kawo guntun takarda a ce a tantance amincinsa suna buƙatar atisaye a kan takardu fiye da komai, musamman rubuta amsar da ke cewa wannan shaida tana da ƙarfi a kan kaza, tana da rauni a kan kaza, maimakon a ce tana da son zuciya a yi shiru. Ɗaliban jami'a da na kwalejin horar da malamai kuwa su haɗa takardu da alƙaluma, su fuskanci tambayar ƙidayar Amurka kai tsaye: doka ce ta fitar da yara daga masana'antu, ko sun riga sun fara fita doka ta biyo sawu?

Wanda kuma darasi biyu kacal ya rage masa, ya ba na farko ga shaidar Elizabeth Bentley, ya bar ɗalibai su yarda da ita, sannan su tuhume ta. A na biyu ya kawo musu abin da hukumar 1833 ta samu, ya ce kowa ya ja layi a ƙarƙashin abin da rahotannin biyu suka haɗu a kai.